Yankan Dusar Ƙanƙara a Tsaunukan Alps: Allo, Takalmi Mai Tauri da Yanayin Gangara

Daga cikin wasannin da mazauna ƙasashen sanyi suka ƙirƙiro domin cin moriyar dusar ƙanƙarar da ke lulluɓe tsaunukansu watanni da dama a kowace shekara, akwai zamiya a kan allo guda, inda mutum yake ɗaure ƙafafunsa biyu a kan wani falle mai tsawo, ya tsaya a karkace, ya gangaro daga kan dutse ba tare da sanda a hannunsa ba. Galibin waɗanda suka taɓa ganin wasan a talabijin sun fi sanin reshensa na tsalle da alkafura, wanda ake yi da takalmi mai taushi da allo mai faɗi. Wannan lacca ta shafi wani reshe ne daban, wanda masu yinsa ba su da yawa amma ƙwarewarsa ta fi zurfi, wato salon da ya girma a tsaunukan Alps na Turai, inda ake amfani da siririn allo da takalmin roba mai tauri domin a sha kwana a kan kaifin ƙarfe kaɗai. Abin da za a nuna shi ne cewa wannan salon ya dogara ne a kan dacewar abubuwa uku da juna, siffar allo da taurin takalmi da yanayin dusar da ake takawa, kuma duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya gaza, sauran biyun ba sa iya rufa masa asiri.

Wajibi ne a fara bambance hanyoyi biyu na shan kwana a kan dusar ƙanƙara. Ta farko ita ce kwanar gurza, wadda kowane ɗan koyo yake farawa da ita: mahayi yana tura bayan allon zuwa gefe, allon ya riƙa gurzar dusa a kaikaice, gudu ya ragu, a bar wani faffaɗan sawu a baya. Ta biyu ita ce kwanar yanka, inda mahayi yake karkata allon har ya tsaya a kan bakinsa na ƙarfe, sa'an nan kowane yanki na wannan bakin, tun daga goshin allo har wutsiyarsa, ya bi ta cikin tsaga guda ɗaya da goshin ya fara buɗewa. Da yake babu gurza, gudu ba ya zubewa sai kaɗan, ƙarar da allon ke yi tana raguwa, kuma sawun da ake bari siririn layi ne mai lanƙwasa wanda faɗinsa bai wuce na yatsa ɗaya ko biyu ba. Masu wannan sana'a suna auna kansu ne da wannan layin, domin wanda ya hau kujerar igiya mai kai mutane saman dutse yana iya leƙo sawunsa daga sama, ya ga daidai inda ya riƙe kaifi da inda ya sake shi.

Asalin allon zamiya daga Amurka yake. A shekarar 1965 wani injiniya mai suna Sherman Poppen, a garin Muskegon na jihar Michigan, ya haɗa allunan siki biyu wuri guda domin 'ya'yansa su yi wasa, siki kuwa shi ne zamiya a kan siraran alluna biyu, ɗaya a kowace ƙafa. Daga baya Jake Burton Carpenter, wanda ya kafa kamfanin Burton a jihar Vermont a 1977, da Tom Sims a California, suka mayar da abin wasan yara ya zama kayan motsa jiki na manya. Amma da allon ya isa Turai a shekarun 1980, sai ya faɗa hannun mutanen da suka tashi a kan siki tun ƙuruciya, waɗanda suka saba da tsere tsakanin tutoci a kan dusa mai tauri, kuma ba su ga dalilin hawan dutse da takalmi mai laushi ba. Sai suka ɗauko takalman roba na masu hawan dutse da siki, suka ƙera musu maɗaurai na ƙarfe, suka rage faɗin allo. Peter Bauer na Jamus da Jean Nerva na Faransa suna cikin waɗanda suka yayata salon a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, kuma ganin yadda masu allo suke yanka kwana yana cikin abubuwan da suka zaburar da maƙeran siki suka fara fitar da alluna masu siririn ƙugu a daidai wannan lokacin.

Sirrin kwanar yanka yana cikin siffar allon kansa. Idan aka kwantar da shi aka dube shi daga sama, za a ga goshinsa da wutsiyarsa sun fi tsakiyarsa faɗi, ta yadda kowane gefe ya zama ɗan yanki na wata babbar da'ira. Ana siffanta wannan lanƙwasa da rabin faɗin da'irar, wato nisan da ke tsakanin cibiyarta da bakinta, kuma a allunan tsere mai gajerun kwanoni yakan kasance kusan mita 10, a na tsere mai dogayen kwanoni kuwa yakan kai mita 20. Haka nan idan aka dubi allon daga gefe, za a ga tsakiyarsa ta ɗan yi doro, ta ɗaga daga ƙasa. Lokacin da mahayi ya karkata allon, goshi da wutsiya ne suke fara cizon dusa, tsakiyar tana sama, sai nauyin mahayin ya danne ta har ta taɓa ƙasa, allon ya lanƙwashe, kuma wannan lanƙwasar ce take zana hanyar da zai bi. Gwargwadon ƙaruwar karkata, gwargwadon ƙaruwar lanƙwasa da ƙuntatar kwana. A lissafi mai sauƙi, allon da da'irarsa ke da rabin faɗi na mita 12, idan aka karkata shi digiri 45 zai yanka kwana mai kusan mita 8 da rabi, idan kuma aka kai shi digiri 60 kwanar za ta dawo mita 6. Wannan yana nufin cewa allon ne yake juyawa da kansa, aikin mahayi shi ne ya zaɓi yawan karkata da lokacin yinta da inda zai ɗora nauyinsa.

A nan ne ƙarfi yake shigowa. Duk abin da ke shan kwana a guje yana buƙatar ya karkata zuwa cikin kwanar domin kada gudun ya jefar da shi waje, kuma karkatar tana zuwa da ƙarin nauyi a kan ƙafafu. Mahayin da ke tafiyar kilomita 36 a sa'a a cikin kwana mai mita 6 sai ya kwanta kusan digiri 60 kafin ya daidaita, kuma a wannan halin ƙafafunsa suna ɗauke da ninki biyu na nauyin jikinsa, ta yadda mai kilo 80 zai ji kamar kilo 160 ne a kansa. Idan karkatar ta kai digiri 70, nauyin yana kusantar ninki uku. Duk wannan nauyin yana sauka ne a kan siririn bakin ƙarfe mai kauri kamar milimita biyu. Wannan lissafin ne kuma yake bayyana dalilin da ya sa allunan gudu suke da tsawo, wajen santimita 185 ga maza, da lanƙwasa mai sassauci, domin allo mai ƙuntatacciyar da'ira yana neman juyawa da gaggawar da jiki ba zai iya bi ba idan gudu ya yi yawa, alhali allunan gajerun kwanoni ba su cika wuce santimita 160 da 'yan kai ba.

Takalmi mai taushi, wanda aka yi da yadi da fata da soso, yana da daɗin sawa kuma yana barin idon sawu ya motsa ta ko'ina, abin da mai tsalle yake buƙata. Sai dai a ƙarƙashin nauyin da aka ambata, taushin yana zama cikas, domin duk umarnin da ƙafa ta bayar sai soso da igiya sun haɗiye wani ɓangarensa kafin ya isa kaifi. Takalmi mai tauri kuwa kwanso ne na roba mai ƙarfi wanda ke kama ƙafa har zuwa tsakiyar ƙwauri, ana ɗaure shi da maƙalai, kuma a cikinsa akwai wani takalmin mai laushi da ake iya ɗumamawa ya ɗauki siffar ƙafar mai shi. Matsayinsa ga allo kamar matsayin linzami ne a hannun mahayin doki: idan ya yi sako-sako, saƙo yana isa a makare kuma a raunane, idan kuwa ya ɗame, ƙaramin motsi ma yana isa nan take. Wannan fa'idar tana da farashinta, domin takalmin yana isar da kuskure da irin saurin da yake isar da daidai, shi ya sa ɗan koyo yakan sha faɗuwa a kwanakinsa na farko ko da ya ƙware da takalmi mai taushi.

Kuskure ne a ɗauka cewa wannan takalmin da na siki abu ɗaya ne, ko da yake kamanninsu ɗaya ga wanda bai sani ba. Tafin na allo ya fi gajarta, an kuma fiƙe gabansa da bayansa domin kada su taɓa dusa idan allo ya karkata sosai, sa'an nan yana ba ƙwauri damar lanƙwasawa gaba fiye da na siki, sau da yawa ta hanyar sifirin da aka maƙala a bayan diddige, wanda ake iya ɗaurewa ko sassautawa gwargwadon nauyin mahayi. Kamfanonin da suka shahara da ƙera shi 'yan kaɗan ne, kamar Deeluxe, wanda ya gaji samfurin Raichle, da UPZ da Mountain Slope. Maɗaurin da ke haɗa takalmi da allo faifai ne na ƙarfe ko roba mai ƙarfi, mai zobe ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma akwai nau'in da mahayi yake taka diddige kawai ya kulle, ya ja wata waya ya buɗe. Abin lura shi ne maɗaurin allo ba ya sakin ƙafa idan an faɗi, saɓanin na siki, domin da ƙafa ɗaya za ta kuɓuce ɗayar tana ɗaure, da dukan allon ya zama abin murɗe gwiwar da ta rage.

Faɗin allo da yadda ake jera ƙafafu a kansa suna tafiya tare. Allon tsalle yana da faɗin kusan santimita 25 a ƙugu, kuma ƙafafu suna gitta shi kusan kai-tsaye. Allon yanka kuwa faɗinsa tsakanin santimita 18 ne zuwa 21, wanda ke sa sauyawa daga wannan kaifi zuwa wancan ta yi sauri, amma ƙafar babban mutum ba za ta gitta shi ba sai yatsu da diddige sun leƙo waje, kuma idan suka leƙo za su tokari dusa a tsakiyar kwana, su ɗaga kaifin, mahayi ya zube. Maganin haka shi ne a juya maɗaurai su fuskanci gaba da digiri 50 zuwa 65, tazarar kusan rabin mita tsakanin ƙafafun, a kuma ɗan ɗaga yatsun ƙafar gaba da diddigen ƙafar baya da wasu ƙananan matasai domin gwiwoyi su sake. Sakamakon haka ƙirjin mahayi yana fuskantar inda ya dosa, kuma yana karkata allon ne da gwiwa da ƙugu fiye da yatsu da diddige. A nan masu salon suka rabu gida biyu. 'Yan tsere suna karya jiki a ƙugu, kafaɗu a daidaice, domin allo ya karkata fiye da yadda jiki ya kwanta, abin da ke ƙara wa kaifi cizo a kan dusa mai tauri. Wasu kuwa, musamman mabiya salon da Jacques Rilliet da Patrice Fivat suka yaɗa daga Suwizalan tare da allunansu na Swoard, suna miƙe jiki gaba ɗaya har ƙirji da hammata su shafi dusa a kowace kwana, salon da ke da ban sha'awa ƙwarai ga mai kallo, amma yana buƙatar gangara mai tsayi da faɗi da kuma ƙarancin jama'a.

Cikin allon katako ne, an lulluɓe shi da zaren gilashi ko na kabon, ƙasansa kuma roba ce mai santsi da ake shafa wa kaki na masana'anta, wanda ake zaɓa gwargwadon sanyin ranar. Babban sauyin da aka samu a shekarun 2000 shi ne sanya siraran fallayen wani gamin alminiyam mai suna Titanal tare da roba a cikin allo, abin da ya rage karkarwar da allo ke yi a kan dusa mai tauri, ya kuma hana shi murɗewa. Sunan maƙerin Suwizalan Hansjürg Kessler, na ƙauyen Braunwald, ya haɗu da wannan sauyin da kuma gefe mai lanƙwasar da ke canzawa daga goshi zuwa wutsiya maimakon da'ira guda. Bayan haka 'yan tsere suka ƙara wani faranti tsakanin maɗaurai da allo, domin allon ya lanƙwashe yadda ya so ba tare da taurin takalma ya hana shi ba. Shi kuwa kaifin ana wasa shi ne da zarto bisa ma'auni, a rage digiri ɗaya zuwa uku daga gefe, rabin digiri zuwa ɗaya daga ƙasa, kuma mai kula da kayansa yakan taɓa shi da dutsen wasa bayan kowace ranar da ya hau dusa mai tauri.

Duk waɗannan kayan ba su da amfani sai an sami dusar da ta dace, kuma wannan shi ne ɓangaren da waɗanda ba su taɓa zama a ƙasar sanyi ba suka fi jahilta, domin dusar ƙanƙara ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta sauka sabuwa cikin tsananin sanyi kusan kashi 90 cikin ɗari nata iska ce, kuma ko da yake ita ce abin marmarin masu faffaɗan allo, siririn allo nutsewa yake a cikinta, kaifinsa bai sami abin kamawa ba. Abin da mai yanka yake nema shi ne gangarar da aka gyara. Da yamma, bayan an rufe hanyoyi, manyan motoci masu tafiya a kan sarƙa, irin su PistenBully na Jamus da Prinoth na Italiya, suna bi suna ture tudu suna cike rami, wani injin mai haƙora a bayansu yana niƙa dusar, wani matsefi kuma yana danne ta ya bar zara-zaran layuka. Sai an bar ta ta kwana, domin cikin sanyin dare ne ƙwayoyinta suke manne wa juna su yi ƙarfi. Wadda aka gyara dab da buɗewa kyau ne kawai da ita a ido, kaifi yana yaga ta. Saboda haka sa'o'i biyu ko uku na farkon safiya su ne lokacin mai yanka, kafin ƙafafun jama'a su tattara dusar ta yi tudu-tudu.

Akwai yanayi biyu da suke saɓa wa wannan. Idan rana ta narkar da saman dusar sa'an nan dare ya daskarar da ita, takan koma ƙanƙara zalla, mai ƙyalli, wadda kaifi ba ya shiga sai kaɗan. A kanta takalmi mai tauri da allon ƙarfe suna nuna fifikonsu, amma sai mahayi ya ɗora nauyi a hankali, domin motsin gaggawa yana ƙwace kaifi. Idan kuma zafin ƙarshen hunturu ya sa dusar ta jiƙe ta yi laushi, haɗarin ya ma fi girma, saboda goshin allo yana iya nutsewa a tsakiyar kwana ya lanƙwashe fiye da kima, ya tsaya cak, ya wurga mahayi ta kansa. Dusar da injuna ke yi ta hanyar fesa ruwa cikin iska mai sanyi, wadda wuraren wasa suke ƙara dogara da ita yayin da hunturu ke gajarcewa a ƙananan tsaunuka, ƙwayoyinta dunƙulallu ne kuma ta fi ta sama nauyi, don haka tana riƙe kaifi da kyau ko da yake tana saurin komawa ƙanƙara. Haske ma yana da nasa tasirin, domin ranar da gajimare ya rufe, inuwa takan ɓace, fari ya haɗe da fari, ido ya kasa bambance tudu da kwari.

Tsayin gangara da faɗinta su ne sharaɗi na ƙarshe. A ƙasashen Alps masu magana da Jamusanci ana yi wa hanyoyi alama da launi: shuɗi ga wadda gangarowarta ba ta wuce kashi 25 cikin ɗari ba, ja ga wadda ta kai kashi 40, baƙi ga wadda ta haura haka. Da yake kwanar yanka ba ta cin gudu, hanyar rage shi ita ce a cika kwanar har allo ya gitta gangara, wani lokaci ma ya ɗan hau sama, kafin a juya. Wannan yana sa mai yanka ya ci faɗin hanya daga gefe zuwa gefe, kuma nan ne babban haɗarinsa yake, domin wanda ya taho daga sama a miƙe ba ya tsammanin mutum zai gitta gabansa da irin wannan saurin. Ƙa'idoji goma na hukumar FIS, mai kula da wasannin siki da allo a duniya, sun ɗora wa na baya alhakin kauce wa na gaba, amma sun kuma wajabta wa mai shiga hanya ko mai komawa sama ya duba kafin ya motsa. Mai hankali ba ya dogara da haƙƙinsa kaɗai: yana jiran hanya ta yi sarari, yana waiwayen sama tsakanin kwanoni, yana sanye da hular kwano da garkuwar baya, kuma ba ya miƙa hannu domin ya taɓa dusa, tun da raunin yatsu da kafaɗa daga nan yake yawan zuwa.

A fagen gasa, salon ya shiga wasannin Olamfik na hunturu a Nagano ta Japan a 1998, inda Ross Rebagliati na Kanada da Karine Ruby ta Faransa suka ci zinariya. Daga 2002 aka mayar da shi tseren mutum biyu kafaɗa da kafaɗa a kan hanyoyi biyu masu kama da juna, ja da shuɗi, wanda ya riga isa ya wuce zagaye na gaba. Philipp Schoch na Suwizalan ya ci a 2002 da 2006, a karo na biyun ɗan'uwansa Simon ne ya zo na biyu. A 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, Ester Ledecká ta Jamhuriyar Cek ta ci zinariya a tseren siki da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, sa'an nan ta ci ta allo a wasannin guda, ta kuma sake cin ta allo a Beijing a 2022, shekarar da Benjamin Karl na Ostiriya ya ci ta maza. Abin da ya fi jan hankali shi ne daɗewar 'yan wasan a fage, domin Roland Fischnaller na Italiya da Andreas Prommegger na Ostiriya, waɗanda aka haifa a 1980, sun ci gaba da cin tsere bayan sun haura shekara 40, Claudia Riegler kuwa, haifaffiyar 1973, ta yi tsere har ta wuce 50, abin da ke nuna cewa karanta dusa da sanin lokacin ɗora nauyi suna rama abin da shekaru suka rage na ƙarfi.

Duk da haka, kasuwar salon ta tsuke tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da matasa suka karkata ga tsalle, manyan kamfanoni kuma, har da Burton, suka janye daga ƙera kayansa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tun da kayan da suka ƙware a aiki guda a kan dusa iri guda ba za su yi gogayya a kanti da waɗanda ke shiga ko'ina ba, kuma wuraren haya ba safai suke ajiye su ba, balle mai sha'awa ya gwada kafin ya saya. Ƙananan maƙera ne suka riƙe sana'ar, irin su Kessler da Oxess a Suwizalan, SG na tsohon ɗan tsere Sigi Grabner a Ostiriya, Donek a jihar Colorado ta Amurka, Coiler a Kanada da Ogasaka a Japan, kuma da yawansu suna tambayar mai saye nauyinsa da girman ƙafarsa da irin gangarar da yake hawa kafin su yanka masa katako, ta yadda taurin allon da faɗin ƙugunsa za su dace da shi shi kaɗai.